Kukan Lasifika da Maganar Gyara Kayanka

'Yan'uwa mazauna unguwa da masu karanta wannan mujalla tamu, a wannan fitowar na ajiye maganar farashin hatsi da hukuncin bashi da na saba kawo muku. Wata kalma ce ta Turanci ta tsaya mini a maƙogwaro tun kafin azumin bana, na ga gara in fito da ita nan mu duba ta tare.

Duk mai salla a masallacinmu ya san halin lasifikarmu ta da. Ladan yana matsawa kusa da akwatin da ke rataye jikin bango, sai ta tsandara wata ƙara mai shiga har cikin haƙori, yara su toshe kunnuwa, mai gyangyaɗi ya zabura. Wani dattijo cikinmu, Allah Ya ƙara masa lafiya, ya dage cewa Shaiɗan ne ba ya son jin kiran salla. Da abin ya ishe mu muka kira yaron da ke mana gyaran wuta. Ya duba wayoyi, ya hura makirufo sau biyu, ya ce, "Baba Liman, ai ba abin da ya lalace. Fidbak ne kawai."

Na ce, "Wane fidbak kuma? Ni wanda na sani shi ne na banki, da suke turo saƙo a waya wai in faɗa musu yadda aka karɓe ni, sai na mutanen ƙungiyoyi masu raba takarda bayan taro su ce kowa ya rubuta abin da ya gani."

Ya yi dariya ya ce duk kalma ɗaya ce. Ya nuna mini da hannu: ladan ya yi magana, makirufo ya ɗauka, na'ura ta ƙara wa maganar ƙarfi, lasifika ta fitar. To idan makirufo yana kusa da bakin lasifika, sai ya sake ɗaukar abin da ta fitar ya mayar ciki, a sake ƙara masa ƙarfi, ya sake fita, ya sake dawowa. Kafin ƙiftawa da Bisimilla an zagaya sau ba adadi, muryar ladan ta ɓace, sai ƙara tsagwaronta. Ya ce, "Kanta take ji, Baba, kuma duk abin da ta ji daga kanta ƙara shi take yi." Ya matsar da akwatin gefe, ya rage murya kaɗan, shi ke nan kuka ya ɗauke.

Da dare na tare ɗana na biyu, mai karatun kimiyya a jami'ar jiha da ke nan Keffi, na ce ya warware mini asalin kalmar. Ya ce kalmomi biyu aka haɗa, ɗaya ciyarwa, ɗaya mayarwa baya, wato ka ɗebi wani abu daga abin da inji ya fitar ka sake ɗura masa. Masu aikin rediyo da wayar tarho ne suka fara yawan amfani da ita wajen 1920, kuma a lokacin ba ruwanta da ra'ayin mutum. Zancen waya ne da wuta.

Ya ba ni labarin wani injiniya mai suna Harold Black, ma'aikacin kamfanin tarho na Bell a Amurka. Damuwarsu a lokacin ita ce magana tana raunana idan ta yi tafiya mai nisa a waya, sai an yi ta ƙara mata ƙarfi zango-zango, kuma kowane zango yana ɗan gurɓata ta. Wata safiya a 1927 yana cikin jirgin fito zai tsallaka kogi zuwa wurin aikinsa a birnin Niyok, dabara ta faɗo masa, ya zana ta a jikin jaridar da ke hannunsa. Dabarar ita ce a ɗebi kaɗan daga abin da na'ura ta fitar, a juya shi ya zama kishiyar abin da ke shigowa, sannan a mayar mata. Ƙarfin yana raguwa, amma murya tana isa tsaf yadda mai ita ya faɗe ta. Takardar mallakar wannan fasaha ba ta fito masa ba sai 1937. A 1948 kuma wani masanin lissafi, Norbert Wiener, ya rubuta littafi yana nuna cewa wannan zagayowar ce ke tsare inji da jikin ɗan Adam, har da al'umma, daga wuce gona da iri. Daga nan kalmar ta bar wurin makanikai ta shiga ofis da makaranta, har yau ga ta a wayar ɗan tireda a Keffi.

Abin da na riƙe a bayanin yaron nan shi ne abin iri biyu ne. Akwai mai dawowa yana cewa "ƙara", shi ne kukan lasifikarmu. Akwai mai dawowa yana cewa "ya isa haka", irin na dutsen guga na lantarki da ke kashe kansa idan zafi ya kai, ko ƙwallon nan da ke cikin tankin ruwa mai toshe bututu idan tanki ya cika.

Ban yi barci da wuri ba ran nan, don na ga kaina a jikin akwatin. Shekara goma sha ina jan salla a unguwar nan idan babban limaminmu ba ya nan, kuma duk ranar da na yi 'yar magana bayan Magariba abin da ke dawo mini ɗaya ne: "Allah Ya ƙara sani, Malam." "Wallahi yau ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi." A kasuwa ma haka. Yaran shago ba mai ce mini na saye masara da tsada, sai dai "ai idon Alhaji ba ya kuskure." Mun san sunan wannan a Hausa, 'yan amshin Shata. Mutum ya faɗi magana, a mayar masa da ita an ƙara mata gishiri, ya ji daɗi ya ƙara murya, a sake mayar masa. Bayan 'yan shekaru sai ka tarar da dattijo mai kirki ya koma ƙara zalla, kowa yana toshe kunne a ɓoye, shi kuwa yana zaton karatu yake zubawa.

Sai na tambayi kaina, mu me muke ce wa nau'i na biyun, mai cewa "ya isa haka"? Kalmominmu da yawa suna kewaye da shi. Shawara akan nema kafin a yi abu. Martani yana da ƙanshin faɗa, raddi kuwa ya fi shi, duk mai sauraron malamai a waya ya sani. Ƙorafi na wanda aka cuta ne. Hannunka-mai-sanda na wanda ke jin nauyin fitowa fili. Wadda ta fi kusa ita ce ta kakanninmu fatake, gyara kayanka, da suka ce ba ya zama sauke mu raba. Su ne suka bi hanyar nan daga Kano da Katsina ta Zariya, su yada zango a Keffi, su gangara Nasarawa har Loko bakin Binuwai. Mai jan jaki a gaba ba ya ganin kayansa sun karkace, na bayansa ne ke gani. Idan ya yi shiru don kunya, mangala ta zube a tsakiyar rafi, ayari duka ya tsaya. Abin dariya, a kasuwa idan mai saye ya ce "a yi mini gyara", ɗan ƙarin da ake ɗora masa a kan mudu yake nufi, kuma kowa yana son wannan gyaran. Ɗayan ne ba a so.

Sai kuma nasiha, wadda muka aro daga Larabci. A Islamiyya malaminmu, Allah Ya jiƙansa, ya gaya mana malaman lugga sun ba kalmar tushe biyu: tace zuma a raba ta da kaki, da ɗinke tufa inda ta yage. Wato magana ce tatacciya daga zuciya mai son alheri, wadda ke haɗa abin da ya ɓarke. Hadisi na bakwai a Arba'una ta Imamu Nawawi, wanda Tamimud Dari ya ruwaito, ya ɗora addini kacokan a kanta, kuma cikin waɗanda ya ce suna da haƙƙinta har da shugabanni. Ke nan tana hawa sama kamar yadda take sauka ƙasa. Amma ku duba yadda kalmar ta koma a bakinmu. Yau idan aka ce "za a yi nasiha", kowa ya san malami ne zai tashi jama'a su zauna, ko uba ya kira ɗa, ko gwaggo ta zaunar da amarya. Wa ya taɓa jin an ce, "Jiya na yi wa liman nasiha"? Mun mayar da ita ruwan sama, daga bisa kawai take zubowa. Kuma mu masu rawani ba mu yi ƙorafi ba, don wanzami ba ya son jarfa.

Alhali sallar da muke ja kullum ta koya mana akasin haka. Liman ya tashi inda ya kamata ya zauna, na baya su ce Subhanallah, mata su tafa. Ya yi tuntuɓe a karatu, wanda ya haddace ya ɗora masa, ko da yaro ne ɗan shekara goma sha biyu. Babin ƙabli da ba'adi da muka sha bulala a kansa a Ahalari an gina shi ne a kan cewa mai salla zai manta, liman ne ko mamu. Kuma ga labarin Zul-Yadaini, yana cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sallame bayan raka'a biyu a salla mai huɗu. Sayyidina Abubakar da Sayyidina Umar suna wurin, kwarjini ya hana su magana. Masu gaggawa har sun fita suna cewa an rage salla. Wani mutum da ake yi wa laƙabi da Zul-Yadaini shi ya buɗe baki ya tambaya, mantuwa ce ko ragi aka saukar? Manzon Allah ya juya ga jama'a ya tambaye su ko haka abin yake, suka tabbatar, ya cika raka'a biyun ya yi sujada biyu bayan sallama. Maganar ya bincika. Bai tsaya binciken wane ne mai maganar ba, ko me ya sa manya suka yi shiru shi ya yi magana.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki biro, don ba tarihin kalma kaɗai ya dame ni ba.

Bayan masallacinmu akwai gidan wani tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, ba Musulmi ba ne, kowa Baba Ticha yake ce masa. Gaskiya ba ma shiri da shi sosai. Mun taɓa samun saɓani a kan kwata, kuma yana cikin masu cewa mu 'yan kasuwar da muka zo daga arewa mun cika unguwa da hayaniya. Wata ranar Asabar wani matashi cikin masu sharar masallaci ya zo mana a fusace, wai Baba Ticha ya ce a daina kiran sallar Asuba. Nan take wuri ya ɗauki zafi. Wani ya ce dama an san maƙiyin addini ne. Wani ya ce a ƙaro lasifika ta biyu a saita ta gidansa. Kafin La'asar maganar ta kai kasuwa, ta dawo mana da cewa wai zai kai mu kotu. Can gidansa kuma, daga baya na ji, labari ya isa cewa samari suna shirin zuwa da dare. Kowane ɓangare yana ɗaukar abin da ɗayan ya fitar, ya ƙara masa wuta, ya mayar. Ni kaina, Allah Ya yafe mini, na faɗi abin da bai kamata ba a zauren, kuma aka ce mini "gaskiya ne, Malam."

Mu mutanen Keffi bai kamata a koya mana haɗarin saƙon da ya bi ta bakin wani ba. A 1902 aka kashe Kyaftin Moloney, Baturen da aka ajiye a garin nan, a rikicinsa da Magaji Ɗan Yamusa, kuma masu tarihi da dama sun ambaci rawar da ɗan aiken Turawa, Audu Timtim, ya taka wajen juya magana tsakanin mutanen biyu. Magaji ya tafi Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa, Lugga ya sa wannan cikin hujjojinsa, a watan Fabrairu na 1903 Kano ta faɗi. Ban ce ba don ɗan aike ba da Turawa sun koma gida, cin ƙasa ne ya kawo su, kuma Magaji yana da dalilansa na ƙin su. Amma tudun da ake kira da sunan Baturen yana nan, muna wucewa ta gabansa kullum.

Bayan Isha na ɗauki na'ibi muka je da ƙafarmu. Tsohon ya fito fuska a ɗaure, bai ko ba mu kujera da wuri ba. Na ce, "Baba Ticha, mun ji magana, mun zo mu ji daga bakinka." Ya ce shi bai ce a daina kiran salla ba, shekara nawa yana tashi da shi. Abin da ya ce shi ne ƙahon lasifikar yana kallon tagar ɗakin matarsa kai tsaye, ita kuwa tana kwance tun da ta samu shanyewar ɓarin jiki, ba ta samun barci sai gab da asuba. Kuma ba kiran ne ya fi damunta ba, kaset ɗin wa'azi ne da yara ke sakawa tun kafin lokaci, da wannan ƙarar da ke tsinka mata zuciya. Ya ce shekara biyu yana haɗiye maganar, don ya san abin da za a ce idan ya faɗa. Ya ƙare da wata baƙar magana a kan Hausawa wadda ba zan rubuta ta nan ba.

To ga tambayar da na dawo da ita gida. Maganar mutumin nan ba nasiha ba ce bisa ma'anar da malaminmu ya koya mana. Zumar ba tatacciya ba ce, akwai kaki, har da ƙudan a ciki. Ba ya ƙaunarmu, bai kuma ɓoye ba. Shin wannan ya sauke mana nauyin saurarensa?

Da yawanmu haka muke yi. Mun ɗauki sharaɗin da aka ɗora wa mai ba da nasiha, wato tsarkin niyya, mun mayar da shi garkuwar mai karɓa. Da an ce mana gyara kayanka sai mu leƙa zuciyar mai faɗa: ɗan hassada ne, ɗan wata ƙungiya ne, ba ɗan garin nan ba ne, arne ne, yaro ne. Da mun samo masa aibu ɗaya sai mu ci gaba da tafiya da kaya a karkace. A nan ne kalmar makanikan nan ta yi mini amfani, don ita ba ta san niyya ba. Ƙwallon tanki ba ya son mai gida, ba ya ƙinsa, ruwa ya cika ne ya toshe. Niyyar mai magana tsakaninsa da Ubangijinsa ce, a can za a ba shi lada ko a hana shi. Ni abin da ya hau kaina shi ne in je in duba ko ƙahon yana kallon tagar. Kuma ai muna karanta hadisin Abu Huraira da ɓarawon da ya kama yana ɗibar abincin zakka dare uku, wanda ya koya masa falalar Ayatul Kursiyyu. Manzon Allah ya gaskata maganar, tare da shaida masa cewa mai maganar babban maƙaryaci ne, Shaiɗan ne ma. Dattijonmu da ya ce Shaiɗan ne a cikin lasifika, ko da ya yi daidai, ba hujja ba ce ta ƙin duba waya.

Kada a fahimce ni a karkace. Ni ɗan kasuwa ne, na san ba duk kushe ne gaskiya ba. Mai saye yakan ce wakenka duk ƙwari ne don kawai ka rage masa, idan ka biye wa kowa sai ka rufe shago. Amma ko shi ba na ce masa maƙiyi. Hannu nake sawa cikin buhu in ɗebo in duba a gabansa. Idan da ƙwari na gani, idan babu ya gani. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ba ya cewa komai. Akwai wata mata 'yar Eggon da ta yi shekaru tana sayen gero wurina, rana ɗaya ta ɗauke ƙafa. Sai bayan watanni na gano mudun da yarona ke awo da shi ya lotsa a gindi, kullum ana tauye ta kaɗan. Ba ta yi faɗa ba, ta koma layin gaba ne kawai. Mu da muke zaune cikin Eggon da Mada da Gwandara da Tibi da Ibo da ɗaliban jami'a daga ko'ina, yawancin abin da suke gani game da mu ba za su faɗa mana ba. Baba Ticha ya yi shekara biyu kafin ya faɗa, kuma da ya faɗa saura kaɗan mu saka masa da lasifika ta biyu.

Washegari na kai maganar gaban kwamitin masallaci. Ba a rabu da daɗi ba. Wasu suka ce idan muka juya ƙaho yau, gobe za a ce mu sauke shi. Wani ya ce mini a gaban jama'a tsoro ne ya kama ni, na ji zafin maganar har cikin raina, na kuma lura cewa ni mai rubuta duk wannan ban ji daɗin a gyara mini ba ko na minti ɗaya. Babban liman ne ya raba gardama, ya ce haƙƙin maƙwabci bai tambayi addinin maƙwabci ba, kuma kaset kafin Asuba ba farilla ba ne ba sunna ba. Aka tsaya a kan kiran salla yana nan yadda yake, kaset ya tsaya, ƙaho ya juya.

Yaron gyaran wuta ya dawo da tsani ran Talata. Ya hau ya kwance ƙahon, ya juya shi ya kalli bakin titi, ya ɗaure da sabuwar waya, ya karɓi kuɗin aikinsa. Mutum biyu cikin kwamiti har yau gaisuwarmu sama-sama ce. Baba Ticha bai zo ya yi godiya ba, maganar kwata ma tana nan ba a gama ba. Matarsa dai, in ji jikarta da ke zuwa sayen sukari shagona, tana samun barcin safe yanzu.